'Yan Layin Baya

Shekara biyu a jere gundumarmu ce ta ƙarshe a jarrabawar kammala firamare, makarantarmu kuma ita ce ta ƙarshe a gundumar. Da zango na uku ya kama, sai ga Sufeto daga ofishin ilimi da sabon tsari. Aka tara mu a ɗakin malamai, tsohuwar fanka tana kuka a kanmu.

"Ku yi wa 'yan aji shida gwaji," in ji shi. "Masu ƙoƙari layin gaba, 'yan tsaka-tsaki a tsakiya. Ƙarfinku duka ku zuba a kan na tsakiya, su za su ɗaga mana maki."

Na ɗaga hannu. "Yallaɓai, na baya fa?"

"Sabuwa ce ko?" ya tambayi Hedimasta, ko kallona bai yi ba. Aka kwashe da dariya.

Shekarata ɗaya ina koyar da aji shida. Da digiri mai daraja ta ɗaya na zo, ban kuma taɓa ɓoyewa ba, shi ya sa malamai suke kirana Farfesa, ba don girmamawa ba.

Cikin yara hamsin da takwas, goma sha ɗaya suka faɗa layin baya, jikin bangon da ruwa ke tsatsowa. A cikinsu akwai wata da ake kira Doguwa, 'yar wani tela, wadda in za ta karanta layi ɗaya sai ta bi shi da yatsa har takardar ta yi baƙi.

Saura mako uku a yi jarrabawa, Hedimasta ya kira ni ofis. Wasiƙu goma sha ɗaya ne a gabansa, duk da hatimi.

"Ki kai wa iyayen 'yan layin baya. Ranar jarrabawa yaran su zauna a gida, za mu rubuta ba su da lafiya. Wanda bai rubuta jarrabawa ba, ba a lissafa shi a makin makaranta. Baɗi sai su sake."

"Ranka ya daɗe, bara yara tara aka ce su maimaita aji. Nawa suka dawo?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ke 'yar nan, na haife ki. Kowace makaranta haka take yi. In muka sake zuwa na ƙarshe, ni za a fara cirewa, saura shekara biyu in yi ritaya."

"Ko ɗaya bai dawo ba," na ce. "Ba zan kai ba."

Ya aika masinja ya kai. Ni kuma na fara tsayar da 'yan layin baya bayan an tashi, a ɗakin ajiya, tsakanin karyayyun kujeru. Da aka sa wa ɗakin kwaɗo muka koma ƙarƙashin bene. Da aka hana ni alli na kawo gawayi, muna rubutu a kan siminti. A ɗakin malamai in na yi sallama sai kowa ya duƙa kan littafi. Malamin lissafi kaɗai ke tanka mini.

"Farfesa, ya 'yan jami'arki? Sun kai baƙi na uku?"

"Sun wuce inda ka tsaya, Malam."

A gida Inna ta zuba mini ido ina duba rubutunsu. "Taurin kan ubanki kika ɗauko kaf," ta ce. "Shi ma haka ya ƙare, yana da gaskiya, ba shi da aboki."

Sunayen yaran tun farkon shekara suke a rajistar hukumar jarrabawa, Hedimasta ba shi da ikon goge su. Wannan na riƙe. Ranar jarrabawa na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tun ƙarfe shida. Iyaye biyu suka ce wasiƙar mai hatimi suka sani. Tara suka ba ni. Telan, baban Doguwa, ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "Malama, kin tabbata za ta iya?" Na ce na tabbata.

Na shigo da su ta babbar ƙofa a jere. Mai sa ido daga hukumar ya duba rajista, ya ga sunayen, ya sa aka ƙaro benci. Hedimasta yana tsaye a baranda.

Sakamako ya fito bayan wata biyu. Uku suka ci, shida suka faɗi, har da Doguwa, wadda maki huɗu kacal suka rage mata ta ci. Gundumar ta haura zuwa ta tara, aka buga hoton Sufeto a allon sanarwa. Makarantarmu ta zauna a ƙarshe, ita kaɗai. Malamin lissafi ya yi lissafinsa a allo don kowa ya gani: ba don shidan nan ba, da mun wuce makarantu huɗu.

Aka sauke Hedimasta zuwa malamin aji. Ni aka ba ni takardar tuhuma, sannan ta canjin wurin aiki, zuwa wata makaranta da sai na hau mota biyu na ƙarasa da ƙafa. A wurin amsa tuhuma na rubuta sunayen ukun da suka ci, na sa hannu.

Ina kwashe littattafaina telan ya zo, takardar sakamako a hannunsa, zare manne da rigarsa.

"Malama, kin ce kin tabbata."

"Na ce, Baba."

"Da kin bar ta a gida, da yau cewa za mu yi rashin lafiya ya hana ta. Yanzu ga shi a rubuce, da hatimi. Kwana uku ba ta leƙa ƙofa ba."

"Maki huɗu ne. A bar ta ta sake, za ta ci."

"Wa zai koya mata? An ce ke ma tafiya za ki yi." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "Na riga na sa mata kujera a shago."

Na ce zan riƙa zuwa duk Asabar. Ya ce Asabar ce ranar da aiki ya fi yawa, ya yi mini sallama da ladabi ya tafi.

Na je duk da haka. Asabar ta farko ya ce ba ta nan, ina jin ƙarar kekenta a ciki. Ta biyu ma haka. Yau ta bakwai ke nan, har maƙwabcinsa mai aski ya fara ajiye mini benci.