Ranar da Majalisar Malamai Ta Ci Kifi

Ni da ƙafata na tsaya cikin rana a ƙofar makaranta lokacin yajin aiki, ina ɗaga kwali, ina ihu har muryata ta dushe, don a ba malamai majalisa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da wani ne ya ɗora mana ita, da na samu wanda zan zaga. Amma mu muka nema, aka kuma ba mu, aka kafa doka cewa daga ranar ba za a taɓa komai a kasafin reshenmu ba sai majalisar malamai ta yarda. Ranar har rawa na taka, ni Rahinatu, da girmana da digirina.

Reshenmu ƙarami ne, reshen noma da kiwon kifi na jami'ar gwamnati, can bayan garin Gaya inda hanya ke gangarawa kogi. Ni ce mai kula da tafkunan kifi. Karfasa nake kiwo, kuma ba irin wadda ake jibgewa a kasuwa ba. Iyayen farko masuntan Tunuga ne suka ba ni, tsohonsu Siddo ya zaɓo su da hannunsa. Shekara da shekaru ina tacewa: wadda ta fi saurin girma in ware ta, in haɗa ta da irinta, 'ya'yansu ma in sake tacewa. Alkawarin da ke tsakanina da Siddo shi ne bana zan ba masuntansa ƙananan kifi su zuba a nasu tafkunan, tunda kogi ya daina ba su abin da ya saba.

Tafkunan ba su da ruwan kansu. Inji ne ke jawo musu daga kogi, shi kuma injin gazuwal yake sha, wato man dizal.

Farkon bazara uwar jami'a ta aiko cewa kuɗi sun ragu, cikin abu uku dole ɗaya ya tafi: ko gonar gwaji ta Tanda da ke hannun Purfesa Maigari, ko motar kai ɗalibai aikin fili da ke hannun Dakta Alassan, ko man injina. Kuma tunda doka ta ce mu ne masu zaɓe, sai aka riƙe kuɗin duka ukun har ranar da majalisa za ta faɗi wanda za a yanke. Ban ga laifin wannan ba a lokacin. Na ɗauka zama ɗaya zai ishe mu.

Sai dai majalisarmu ba ta ƙuri'a. Tun zamanta na fari Purfesa Maigari, wanda shi ne babbanmu, shi kuma ya koyar da rabinmu, ya ce ɗaga hannu aikin baƙi ne. Mu da muke haɗuwa a wurin suna da jana'iza, ba za a ƙirga hannun wani a kan wani ba. Komai sai kowa ya yarda. Ranar ma ina cikin waɗanda suka tafa masa.

Muka zauna. Bayan an gama gaishe-gaishe, an tambayi iyali da zafi da jikin tsofaffi, Purfesa ya cire tabarau ya ajiye.

"Ku ɗauki gonata," ya ce. "Ni na tsuhwa. Mi ya rage mini?"

"Subhanallahi!" Alassan ya yi zumbur kamar an tsikare shi. "Purfesa, muna raye a ruhe gonarka? Wallai sai dai a ɗauki motata."

"Haba Alassan, ɗiyan mutane su tahi fili da ƙahwa?"

Daga nan idanu suka juyo kaina. Na san abin da ake jira, uwata ta yi mini tarbiyya. Na sunkuyar da kai na ce, "A ɗauki man injina."

Zaure ya ɗauka gaba ɗaya: a'a, a'a, haba madam, ina! Wani ya ce kifayen nan su ne abin alfaharin reshe. Wani ya ce bai taɓa ganin malamai masu kara irin namu ba. Kowa ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi, aka yi fatiha aka watse. Sai da na kai bakin tafki na tuna ba a yanke komai ba.

Zama na biyu haka aka yi, sai dai Alassan ne ya fara miƙa nasa. Na uku bai yiwu ba, matar wani malami ta haihu. Na gaba da shi rabin majalisa sun haye kogi zuwa garin Malanbil gaisuwar rasuwa. Duk wannan ba wanda ya yi mugunta, kuma wannan ne abin haushin. Mutanen kirki ne, suna gaishe ni da fara'a, suna tambayata, "Ya kifaye?" kamar yadda ake tambayar yara.

Kifaye kuwa suna cikin wani hali. Wanda ya san bazarar Gaya ya san yadda rana ke shan ruwa. Kogi ya ja da baya, tafkunan suka fara nuna laka a gefe. Na sayi gazuwal daga aljihuna har sai da mijina ya tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, ko yaranmu ma za su koma tafkin ne a riƙa ciyar da su tare. Ɗalibaina suka yi ta jigilar ruwa a jarka da amalanken jaki, Allah ya saka musu, amma me jarka za ta yi wa tafki? Jarrabawa ta zo, su ma suka bari. Na kwashe wasu iyayen kifin na zuba a manyan robobi a inuwa, zafi ya bi su can ya kashe.

Siddo ya zo wata safiya ya tsuguna a bakin ruwa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya yi mata ado.

"Madam, ruwa shina tahiya."

"Na gani, Baba."

"Manyan sun ce mi?"

"Suna shawara."

Ya daɗe yana kallon kifin da ke tasowa suna haɗiyar iska. Sannan ya ce mini kala suuru, wato sai haƙuri da Zabarmanci, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka a zama na gaba, Purfesa na cire tabarau zai fara miƙa gonarsa, na miƙe tsaye.

"Purfesa, ka gafarce ni. Gonarka tana jiran damina, ba abin da ke ciki yanzu. Motar Alassan in ta kwana wata a tsaye ba ta mutuwa. Nawa ne ke da rai, nawa ne ba ya jira. Ban miƙa ba, ba kuma zan sake miƙawa ba. A bar mini man injina, a zaɓa tsakanin sauran biyun, yau."

Ka ce tsirara na yi a gabansu. Wani ya duƙar da kai yana wasa da biro. Wata abokiyar aikina ta kama bakin zanena tana ja ƙasa. Alassan ya ce shi ai tun farko ya miƙa motarsa, bai san abin zai kai ga a riƙa faɗin nasa da na wani ba.

Purfesa ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

"Ɗiyata, ba haka muke yi nan ba. In munka ba ki yau don kin tashi tsaye, gobe kowa tashi za shi yi. Zukata sun ɗau zahi. A tashi, sai an huce."

Aka yi fatiha. Wato da na yi kara ba a ba ni ba, da na ƙi yi ma ba a ba ni ba, sai ƙarin sunan marar kunya da na samu. Mako guda ana gaishe ni a tsaitsaye.

Ranar da aka sa za a sake zama, na isa tafki da sassafe na tarar ruwan bai kai gwiwa ba, ya yi kore, yana wari. Ƙananan duk sun tafi. Manyan, iyayen da na tace shekara da shekaru, suna kwance a gefe guda suna buɗe baki. Na aika aka kira Siddo. Ya duba, ya ce kafin azahar ba sauran mai rai, in ana so a ci moriyarsu to yanzu ne.

Da hannu muka kama su, ba ma sai da taru ba. Ina ɗauka ina kuka, ba na ɓoyewa. Akwai wata babba mai tabo a gefen wutsiya, ita ce uwar mafi yawansu, ta kusa tsawon damtsena. Da na ɗago ta ko motsi ba ta yi ba. Na raba wa Siddo da mutanensa rabi. Ragowar na kai wa mai suya a bakin tasha, na ce ta soya da kyau, ta sa yaji da albasa, kada ta yi rowar mai.

Da babban faranti na shiga zauren majalisa. Fuskoki suka washe. Sun ɗauka ban-haƙuri na kawo.

"Madalla da ɗiyata!" in ji Purfesa. "Na san gidan da kika hito."

Aka wanke hannu, aka yi bismilla. Na zauna ina kallonsu. Alassan yana tsotsar ƙaya yana rantsuwa cewa rabonsa da karfasa mai nama haka tun yana yaro. Babbar nan mai tabo aka tura gaban Purfesa, don shi ne babba. Ya ƙi, aka matsa, ya sake ƙi, aka sake matsawa, sannan ya ci. Ya ce kifin nan ya san daɗin duniya kafin ya zo hannu.

Ana cikin suɗe yatsu Alassan ya yi gyaran murya, ya ce yana da labari. Jiya motar ɗalibai ta tsaya a hanyar Tanda, injin ya buga, makanike ya ce ko an kai ta Makka ba za ta tashi ba.

Ban taɓa ganin an yi murnar mutuwar mota haka ba. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Yanzu ba wanda zai faɗi sunan kayan wani da bakinsa, Allah ya yanke da kansa. Purfesa ya tambaya ko kowa ya yarda a yanke kuɗin mota, a bar gona, a saki man injin madam. Kowa ya yarda. Aka tafa, wasu har suna miƙo mini hannu mai maiƙo suna yi mini barka.

"Ɗiyata, kin gani?" Purfesa ya ce. "Ba a ɓata wa kowa ba. Sai ki tahi ki yi wa kihinki albishir."

"Ga su nan gabanka, Purfesa," na ce. "Ka yi musu da kanka."

Bai gane ba da farko. Ya dubi farantin, tulin ƙaya da kawuna da albasa, ya dube ni.

"Su ke nan. Yau da safe na kwashe su suna shirin mutuwa. Wadda ka ci ita ce uwarsu."

"Duka?" in ji Alassan, yatsansa na bakinsa.

"Duka."

Na yi tsammanin wani zai yi fushi, wani zai ce na ci musu mutunci, na ma shirya amsa. Purfesa ya goge hannunsa a hankali, idanunsa sun yi ja, don na san da gaske abin ya taɓa shi. Sannan ya ɗago ya ce:

"Haba ɗiyata. Mi ya hana ki gaya muna?"

Na ɗauki farantina na fita, ban jira fatiha ba.

Kwana kaɗan bayan haka gazuwal ya iso, ganga guda cike. Aka tada inji, ruwa ya yi ta kwarara har tafkunan suka cika maƙil, ban taɓa ganin sun cika haka ba. Siddo ya biyo ta wurin zai shiga kasuwa, ya tsaya kusa da ni muna kallo. Ruwa garau, kana hango ƙasa, ko ɗan kifi ɗaya babu a ciki. Ya tambaye ni me zai ce wa masuntan da suka riga suka haƙa tafkunansu suna jira. Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce to a kashe injin mana, ana ƙona mai a banza.

Na je ofis na faɗa. Aka tuna mini da dokar da na tsaya cikin rana na nema: abin da majalisa ta yanke, ba mai warware shi sai majalisa, kuma sai kowa ya yarda. Purfesa ya ce bayan abin da ya faru, wa ke da fuskar da zai ce a cire wa madam man injinta?

Har yau kullum safiya ana tada injin.