Bulon Baba Timothy

"Danne shi da kyau, Baba, kada ya karkace," in ji Malam Mustapha, ma'aikacin ofishin tsara gari, yana jan tef ɗin awo daga bangon ɗakin Baba Timothy zuwa gaɓar rafi.

Baba Timothy ya danne bakin tef ɗin da babban yatsa. Ina tsaye ƙofar shagona na ɗinki da almakashi a hannu, raina a ɓace. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin birkila, rabin gidajen layinmu a Sabon Tasha ginin hannunsa ne, yau shi ake koya wa riƙon tef.

"Mita sha ɗaya," in ji Malam Mustapha.

"Da na gina, arba'in da biyu ne," in ji Baba. "Ni ban matsa ba, ɗana. Rafin ne ya zo wurina."

"Na sani, Baba. Amma daga inda gaɓar take yau ake aunawa. Duk abin da ya faɗa cikin mita talatin, ba a ɗora masa ko bulo ɗaya sai da izini."

Abin da Baba yake nema bai taka kara ya karya ba. Katanga yake son ja a bakin gaɓa, ta tare zaizaya kafin ruwa ya cinye ɗakin da matarsa ta rasu a ciki. Sayarwa kuwa babu mai saye, tunda hukuma ta shafa wa gidan jan fenti, alamar rusau. 'Yarsa Christy tana Kakuri a ɗaki ɗaya da miji da yara uku. Ina zai je?

Tun da rani ya buga bulo ɗari biyu da hannunsa, ya cika musu siminti, ya jera su ƙarƙashin mangwaro. Kullum da safe sai ya ɗebo ruwa a bokiti ya yayyafa musu, ko da yake sun daɗe da yin ƙwari.

"Baba, so kake su yi tsiro ne?" na tambaye shi wata rana.

"Maman Benson, bulo da ya sha ruwa ba ya tsoron ruwa."

"To ka yi ginin ranar Lahadi bayan coci mana! Ofis a rufe. Wa zai gani?"

Ya kalle ni kamar na ce ya yi sata. "Ban taɓa gini a ɓoye ba. Kuma in sun zo rushewa, har ɗakin za su haɗa. Takarda na nan zuwa."

Takarda ba ta zo ba. Duk Litinin sai ya sa rigarsa ta coci ya hau keke-napep zuwa ofis, ya dawo da magana ɗaya: an tura sama. Ni dai har yau ban san wane ne a saman nan ba.

Damina ta sauka. Ya daina neman tef, ya koma aunawa da taku. Taku sha biyu, sai tara, sai bakwai. Bangon ɗakin ya tsage har hannuna yana shiga. Na taya shi jan gado zuwa falo, bayan mako biyu muka sake ja zuwa baranda. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka. Tsoro kuma na nan, domin daga gidansa sai nawa.

Wata Laraba a watan Agusta ina kan keken ɗinki na lura ban ji ƙarar yayyafin ba. Na leƙa. Yana zaune a ƙasa, ya jingina bayansa da bulon, bokitin ya kife a gefen ƙafarsa.

"Baba?" Na taɓa kafaɗarsa. Hularsa ta zame ta faɗi.

A asibiti suka ce zuciya ce.

Ranar da za a haƙa kabari, mazan coci suka ce a aika a sayo bulon da za a gina cikinsa. Christy ta share hawaye ta nuna ƙarƙashin mangwaro.

"Ga nasa can."

Aka kawo a-kori-kura. Malam Mustapha ya zo gaisuwa, ya tarar ana lodi, sai ya naɗe hannun rigarsa ya shiga layi. Bakina bai iya shiru ba.

"Malam, wannan ginin fa? Shi ma sai an tura sama?"

Ya ɗaga bulo ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ce a hankali, "Kai, yana da nauyi."

Birkilan da ya gina kabarin ya ce sai da ya sha wuya kafin ya iya fasa guda ɗaya don cike kusurwa.

Kwana tara bayan haka, da tsakar rana, bangon ɗakin ya zame cikin rafi. Ba wata ƙara mai yawa. Na fita na tsaya ƙarƙashin mangwaron. Inda bulon suka zauna, ciyawa ta yi fari, layi-layi, a miƙe sambal. Bokitinsa na nan inda ya kife, ruwan rafin ya fara taɓa bakinsa.