Ba a Sami Sunan Ba

Maman 'Yan Biyu ta shigo shagon Mai Hoto da hantsi, da firam a ƙarƙashin mayafi. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa hoton mijinta marigayi har fuskar ta narke, hula da kafaɗa kawai suka rage. Kuma shi ke nan hotonsa a duniya, don mutumin sau ɗaya ya taɓa yarda ya tsaya gaban kyamara, shi ma da ƙyar.

"Kwantar da hankalinki," in ji Mai Hoto. "Ni na ɗauka, kuma ba na zubar da aikina. Auta ta kwashe komai ta kai gajimare."

"Gajimare? Ruwa ya cinye mini na farko, ku kuma kuka kai na biyun can inda ruwan yake fitowa?"

Auta, 'yarsa mai kula da kwamfutar shagon, ta yi dariya ta ce ma'ajiya ce a intanet, laƙabi kawai aka yi mata. Ta danna. Kwamfuta ta yi ta juyi, ta fito da farin shafi da ɗan guntun rubutu. Ta sake dannawa, haka dai.

"Me ta ce?" in ji uban.

"Wai ba a sami sunan ba."

Yaran yanzu sai su jefo magana ba su duba kunnen da za ta faɗa ba. Tsohuwa ta sulale ta zauna a kan kujerar masu hoton fasfo.

"Har sunan? Mutum ya tafi, fuskarsa ta bi shi, yanzu sunan ma an goge?"

Gumi ya karyo wa Mai Hoto, don tsohon faifan da hotunan suke ciki ya daɗe da mutuwa.

"A'a Mama, ba sunan Baban 'Yan Biyu ba," Auta ta durƙusa gabanta. "Sunan ma'ajiyar ne. Kwamfuta lamba ta sani. In na ba ta suna, sai ta tambayi wani mai kwatance ya faɗa mata lambar wurin. Kamar ki sauka a tasha ki tambayi gidan wane, a ce miki ba a san shi ba."

"To in gidan ne ya rushe fa?"

Auta ta miƙe. Ta cire wayarta daga intanet ɗin shago, ta kunna nata datan, ta shiga. Sai ga ma'ajiya ta buɗe garau.

"Gida na nan. Mai kwatancenmu ne ya ƙi magana." Ta juya ta dubi ɗan akwatin intanet da ke ƙifta ido a kan kantar shagon. "Baba, wa ya taɓa wannan?"

Mai Hoto ya yi gyaran murya. Shekaranjiya ya sa mai gyara ya toshe shafukan ƙwallo da raye-raye, saboda ma'aikata suna barin aiki su dafe a kan allo. Kuma da gaskiyarsa, shago ba gidan kallo ba ne.

"To mai gadin naka ya haɗa da ma'ajiyarmu ya rufe."

Ta shiga saitin akwatin ta cire ma'ajiyar daga cikin abin da aka hana, ta sa kwamfuta ta manta tsohuwar amsar da ta riƙe. Hotuna suka jeru reras. Ta rubuta sunan marigayin a wurin nema. Babu. Ta rubuta sana'arsa. Babu.

Mai Hoto ya sosa ƙeya, ya ƙi haɗa ido da kowa.

"Rubuta Sarkin Ɗaure Fuska."

Sai ga shi ya cika allo, hula a karkace, gira a haɗe, kamar kyamarar ce ta zage shi.

Maman 'Yan Biyu ta rufe baki da gefen mayafi, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Wallahi shi ne. Ko a gajimaren bai saki fuska ba. Kai kuma Mai Hoto, ashe sunan da kake kiran mijina ke nan?"

"Allah ya jiƙansa, shi ma ya sani."

"A wanke mini biyu. Ɗaya a bango, ɗaya a ƙasan akwati."

Injin ya fara tura takarda. Mai Hoto ya goge goshi, ya dubi 'yarsa.

"Ƙwallon dai ki bar mini ita a toshe."