Sunan Idrisu a Takardar Soja

Tun hantsi Arziki yake tsaye a layi gaban ofishin mulki na Malanville, tsohon littafin shaidarsa na soja naɗe cikin tsumma, 'yarsa Zeinabou a bayansa. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga babbar makaranta a Parakou, amma mai dakon albasa a kasuwa ina shi ina kuɗin wannan karatu? Sai ga sanarwa daga gwamnatin soja: 'ya'yan tsofaffin sojoji za su yi karatu kyauta. Wani laftana ya zo rubuta sunaye, kuma yini ɗaya tak zai yi.

Abin da ke cin ran Arziki shi ne sunan da ke cikin littafin. Shekarun baya, da Anasaran Faransa suka zo ƙauyensu Garou ɗibar soja, ƙuri'a ta faɗa kan Idrisu, ɗan maigari. To, wa ya taɓa ganin ɗan maigari ya tafi cin harsashi? Aka tura Arziki a madadinsa, aka ce in an kira Idrisu ya amsa. Ya yi shekara bakwai yana amsawa, har yaƙin Aljeriya, shi kuwa Idrisun gaske yana gida yana tara teɓa.

Da layi ya zo kansu, laftanan ya buɗe littafin, ya ɗora takardar haihuwar Zeinabou kusa da shi. Ya daɗe yana duba su. Jandarma, ɗan sandan soja da ke bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa.

"Littahin wanga na Idrisu na," in ji laftana. "Uban yarinya kuwa Arziki. Ina ka samo shi? Sato shi ka yi?"

"Nawa na, mon laftana," in ji Arziki, da irin gaisuwar sojan Faransa.

Aka kawo tawada, aka dangwala babban yatsan Arziki gefen tsohon dangwalen da ke cikin littafin. Laftanan ya kai littafin bakin taga, ya ƙura ido. Arziki yana jin numfashin Zeinabou a bayansa.

"Yatsa naka na," laftanan ya ce da ya dawo. "Kai ne Idrisu ke nan. To, wane na Arziki?"

Arziki ya auna abin. In ya faɗi gaskiya, ya tona cewa an yi wa soja maguɗi, kuma a wannan zamani abin da bai kai haka ba ma yana kai mutum gidan kaso. In ya ce Arziki wani ne dabam, yarinya ta zama ba tasa ba, karatu ya tashi.

Laftanan ya rage murya. Da alama ba yau ya fara ganin irin wannan ba.

"Tsoho, bayanka akwai mutane. Ka ce kuskuren magatakarda na, babu wani Arziki, in sa a sake mata takarda da sunan Idrisu. In ba haka ba, ga jandarma."

Idrisu! Mutumin da ko sannu da zuwa bai yi masa ba ran da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi. Yanzu shi zai zama uban Zeinabou a kowace takarda, har ta mutu.

"Kuskure na," Arziki ya ce. "Babu wani Arziki."

Magatakardan laftanan ya rubuta, ya ɗaga kai ya kira: "Zeinabou Idrisu!"

Ya sake kira. Laftanan ya ajiye alƙalami yana kallonta.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, idonta cike da hawaye, "ni ɗiyar Arziki ce."

Arziki ya damƙe wuyan hannunta har sai da ta ji zafi, bai yarda ya dubi fuskarta ba.

"Amsa," ya ce. "Don Allah, ɗiyata, amsa."

"Na'am," in ji Zeinabou, magatakarda ya buga hatimi.