Shafin Tantabaru a Jan Layi

Kamfanin da Auta take wa aiki kujeru da gadaje yake sayarwa ta intanet, ita kuwa ko ƙusa ba ta taɓa bugawa ba. Aikinta shi ne idan mutum ya rubuta "gado mai rahusa" a injin bincike, shafinsu ya fito a sama, ba na abokan hamayya ba. Injin kuwa halin mutane gare shi, yana duba su wa suke nuna ka. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka, wato wurin da za a latsa a faɗo gidanka, shaida ya tsaya maka. Shaidar mutumin kirki ta ɗaga ka, ta ɗan iska ta ja ka ƙasa.

Akwai tsohuwar manhajar da suke bin sawun mahaɗan nan da ita, mai nawar tsiya, sai ka latsa ka je ka haɗa shayi ka dawo. Manaja ya gaji, ya sayo sabuwa, ya ce Auta ta kwashe komai ta mayar can kafin taron ranar. Da safe ta zazzage bayanan cikin fayil, ta zauna tana daidaita su: adireshin shafi nan, kalmar da aka latsa nan, ranar da aka fara gani nan. Komai ya shiga lafiya. Abu ɗaya ne bai bi su ba, kuma ba ta lura ba: 'yan alamomin da take sawa da hannunta a tsohuwar manhajar, masu cewa "wannan amintacce ne, a ƙyale shi." Sabuwar ba ta san wannan alfarma ba, kowa da ma'auninta take auna shi.

Bayan azahar suka taru a ɗakin taro, ita da Manaja da Dogo mai kula da talla da wasu mata biyu na sashen ciniki. Auta ta haɗa kwamfutarta da babban allon bango, tana ɗan jin kanta, don ta yi aikin da wuri. Launuka suka bayyana, kore na kirki, rawaya na shakku, ja na masu cutarwa. A can saman ja, da mahaɗai fiye da na kowa, ga wani suna: Tantabarun Malam.

Shafin babanta ne.

Baba malamin lissafi ne da ya yi ritaya ya koma kiwon tantabaru a saman bene. Ita da kanta ta buɗe masa shafin, don ya rage damun Mama da labarin wacce ta yi ƙwai da wacce ta yi yaji. Ya kuwa riƙe abin hannu biyu, kullum sai ya rubuta wani abu. Da ta sami aiki, sai ya sa layi ɗaya a ƙasan kowane rubutu, har da tsofaffin, da mahaɗi zuwa kamfanin. Matsalar ita ce, duk sharhin da aka turo masa karɓa yake yi. 'Yan caca da masu tallan maganin ƙarya suka gano ƙofa a buɗe take, suka cika masa shafi da shararsu, shi kuma yana murna wai yana da masu karatu har ƙasashen waje. Auta ta sha cewa za ta zauna ta share masa, ba ta zauna ba. Sa alama ya fi sauƙi.

"Wannan kuma wane ne?" in ji Manaja. "Buɗe mu gani."

Ta buɗe. Rubutu kore a kan bango ruwan hoda, tantabaru biyu suna kaɗa fiffike a gefe ba hutawa. A tsakiya ga Baba da hularsa a karkace, tsuntsu a kafaɗa, yana murmushin nan nasa na wanda bai saba da kyamara ba.

Dogo ne ya fara tuntsirewa. "Kai! Idona! Wa ya yi wa tsohon nan wannan aika-aika?" Ya matsa kusa da allo yana karantawa da muryar mai shela: "'Yau Farar Uwa ta ƙi cin abinci, ina jin kishi ne.' Ga kuma amsa daga masoyansa: 'Ci miliyan cikin dare ɗaya!' Malam ya ce, 'Na gode ɗana, Allah ya yi albarka.'"

Matan ciniki har da riƙe ciki. Auta ma ta yi dariya, kuma wannan dariyar ce ta fi komai ci mata rai daga baya, don ba wanda ya tilasta ta.

"Tsaya, sauka ƙasa," in ji Manaja. Ya gyara gilashinsa ya karanta layin ƙarshe: "'Yata tana aiki a wannan kamfani. Masu gaskiya ne. Ku sayi gadonku a wurinsu." Ya waiwayo yana duban fuskoki. "Ikon Allah. 'Yar wa ce a cikinku?"

"Ba ni ba, nawa uban awaki yake kiwo," in ji ɗaya daga matan ciniki, aka sake fashewa.

Nan ne wurin magana. Kalma biyu ce, "babana ne," da an yi shiru, da Dogo ya nemi ramin ɓuya, da an wuce wurin. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma Auta ta dubi ruwan hodar nan, ta tuna ita ce ƙwararriyar da ake biya don ta san irin wannan.

"Wataƙila cikin 'yan sito ne," ta ce.

Manaja ya ce, "To ko 'yar wa ce, shafin yana jan mu ƙasa. A tura musu takardar roƙon nan su cire mahaɗansu, duk jajayen. Ai sabuwar tana turawa da kanta ko?"

Tana turawa. Maɓalli ɗaya ne, takardar a shirye take, ba sunan kowa sai na kamfani. Idon mutum huɗu a kanta, Auta ta latsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta kira gida ba. Ta yi ta gaya wa kanta Baba ba ya duba imel, alhali ta san yana dubawa fiye da yadda yake duba hawan jininsa. Ranar hutu Mama ta kira ta ce, "Babanki na nemanki, wai ki zo da haƙurinki, aikin kwamfuta ne."

Ta same shi a falo, ba a saman bene ba. Ya baje tsohuwar kwamfutarsa a kan teburin cin abinci, ya tura kwanuka gefe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙofar kicin, sai da ya tabbata Mama ta shige sannan ya rage murya.

"Auta, zo ki ga. Mutanenku sun rubuto mini."

Ta zauna ta karanta abin da ta riga ta haddace. Ya jira ta gama.

"Da farko na ɗauka godiya ce," ya ce, ya yi 'yar dariya. "Sai da na karanta sau biyu. Ashe ɓarna nake muku. Ni ina nan ina cewa talla nake wa 'yata kyauta."

"Baba, ba haka ba ne, sharhin nan ne da..."

"Na gane, ai sun yi bayani. Kuma wanda ya rubuta yana da tarbiyya, ba zagi, ba komai, har da 'muna roƙo.' Na fara cirewa tun shekaranjiya, ɗaya bayan ɗaya, amma idon ba ya kai ni. Na ce ke kin san hanyar da za a yi su gaba ɗaya."

Ta sani. Ba ta kai minti biyu ba. Ta nemo layin, ta umarci kwamfuta ta goge shi a duk inda yake, kwamfutar ta tambaya ko ta tabbata. Baba ya sunkuyo yana kallon yadda take yi, yana gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibarsa ta wuce shi.

"Shi ke nan? Kai, ilimi! Ni da na kwana biyu a kai."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Daga kicin Mama ta ɗaga murya tana tambaya ko a zubo abinci ko sai sun gama taron ƙolin nasu. Baba ya ce a ɗan dakata. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗora tafinsa a kai, bai dube ta ba.

"Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. A ofis ɗin naku, sun san ni ne mahaifinki?"

"A'a, Baba."

"Ba wanda ya gane?"

"Ba wanda ya gane."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe, har ya dafa kafaɗarta.

"Alhamdu lillahi. To ki rufa mini asiri, Auta. Kar ki faɗa musu."