Ƙwan da Aka Hana Ƙyaftawa

"Kai ne, Manaja. Kai ka kwantar da mai fenti a asibiti, ba ɗana ba."

Daga bakin ƙofar ofis tsohuwar ta jefo maganar, ko sallama babu. Maigadi na biye da ita yana "Mama, a yi haƙuri," ta ce masa ya kai haƙurin gidan ubansa.

Jiya aka kori ɗanta, mai gyaran wuta a wannan masana'antar kujeru. Ɗakin feshin fenti yana da fanka can saman rufi mai zuƙe warin, ba a ganinta daga ƙasa. Shi ne ɗan nata ya manna mayen ƙarfe a sandar fankar, ya ɗaura ɗan makunni kusa da shi, ya jawo waya zuwa wani koren ƙwan lantarki a bango. Muddin fanka na juyawa, ƙwai na ƙyaftawa. Ta san abin ciki da bai, don a jikin kekenta na ɗinki ya yi sati uku yana gwaji, yana ce mata: "Taka, Inna. To, tsaya." Har ƙafarta ta kumbura.

Manaja ya gyara zama. "Mama, ƙwan yana kunne, fanka kuma a tsaye. Aikin ɗanki ne ya yaudari mutane."

"A kunne, ko yana ƙyaftawa?"

Ya hau juya biro a hannu.

"Au, bakin ya mutu? Ni ban san bihim ba a karatu, amma na san abin da ba ya ƙyafta ido gawa ne. Mai yi muku shara ta gaya mini komai. Cewa ka yi ƙyaftawar na sa masu saye su ɗauka wutarku ta lalace. Ka bari sai da yaron ya tafi hutu, ka kira wani ya haɗa ƙwan kai tsaye da injin fankar, don ya haska tar, a ga tsari. Bel ɗin da ke juya fankar ya tsinke. Injin na ta ruri, ƙwai na ta haske, fanka ko gezau. Bawan Allah ya wuni yana shaƙar guba yana kallon korenka, har ya kife a kan kujerar da yake fesawa."

"Za mu bincika, Mama."

"Ni ba mamarka ba ce. Da ni na haife ka, da ka san kunya."

Ta jawo kujerar baƙi ta tokare ƙofa, ta zauna da ƙyar, gwiwa na ƙara. Tun jiya ɗanta bai sa komai a baki ba. Matar mai fenti ta tofa masa yawu a gaban jama'a, ya kasa ɗaga kai.

"Ba aiki na zo roƙar masa ba. Sunansa na zo karɓa. Tashi mu je asibitin nan, ka tsaya gaban matar mutumin, ka faɗa da bakinka wa ya sa aka taɓa wayar. Tashi, na ce!"