Tawadar Malam Nasidi

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zauren gidanmu sai in ji kamar tabarma na cizona, in na miƙe ƙafa ta ɗebe ni har Ƙofar Kibo, in zagayo ta lunguna in dawo. Littafin nan kuwa yana ƙirjina cikin leda biyu, don damina ce, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya gama da ni.

Littafin zane ne, irin mai hotuna da magana a bakin mutane: Mero 'Yar Kan Ganuwa, fitowa ta goma sha ɗaya, ta ƙarshe. Wanda ya zana shi Malam Nasidi ne, mijin Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina. Ya bar birnin Zazzau a 1979, bayan dangi sun sako shi gaba a kan zana masu rai, ya tafi Legas, can ya rasu shekara uku da suka wuce. Ya bar 'ya ɗaya, Sailuba, taubashiyata, wadda na cika littafin rubutu biyu da waƙoƙi dominta ban nuna mata ko ɗaya ba. Tana shekara tara ya tafi, ko wasiƙa bai taɓa aiko mata ba. Gwaggo kuwa ba a ambatar sunansa a gabanta.

A Sabon Gari na tsinci littafin, cikin buhun tsofaffin takardu da aka kawo daga Legas, wani mai tsire na shirin yagarsa ya ƙunshe nama. Na buɗe shafin ƙarshe, sai ga rubutun ajami a ƙarƙashin ƙafar Mero: "Sailuba, ke na zana. Nasidi."

Ban san yadda na iso birni ba. Na miƙa mata a zaurensu ina haki. Ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta ɗago.

"Labaran, kai ne ko?"

"Ni ne me?"

"Kai ka rubuta. Bara wa ya kwaikwayi sa hannun Baba ya ruɗi Alhaji Jumare har mako biyu? Ba kai ba ne? Ba ni na fi kowa dariya ba?"

"Wancan wasa ne, Sailuba."

"To wannan fa, mene ne? Duk wasan taubasai da ke duniya ka yi mini, na yarda. Amma in ka yi mini wasa da ubana don in so ka, wallahi kada ka sake taka zauren nan." Ta mayar mini da littafin da hannu biyu, kamar mai miƙa garwashi. "Ka kawo shaida."

Shi ya sa ranar Juma'a bayan la'asar na durƙusa gaban Alhaji Jumare. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, kuma shi ne babban masu tara littattafan Nasidi a garin nan. Mu biyar ne kawai, amma Alhaji yana riƙe da mu kamar ma'aikata guda. Yana da littattafai shida masu sa hannu a cikin akwatin ƙarfe, da dokokin gane na gaskiya waɗanda ya buga da tafireta ya liƙa a bango.

Ya gyara tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma.

"Doka ta ɗaya, da ajami yake sa hannu, ba da boko ba. Ya wuce. Ta biyu, a shafin ƙarshe, ƙarƙashin ƙafar Mero. Ya wuce. Ta uku, da alƙalamin kara da tawadar allo, ba biro ba." Ya karkata takardar wajen haske. "To, ya wuce."

Na fara murmushi.

"Kada ka yi saurin washe baki, ɗan nan. Ta huɗu, sunansa kaɗai yake sawa, bai taɓa ƙara ko kalma ba. Naka har da zance. Ta biyar kuwa, karanta mini da bakinka."

Na dubi bango. Da biro aka ƙara ta, bara. Na karanta a hankali: "Ba a karɓar shaidar Labaran."

Sabo tela, ɗaya daga cikinmu, ya fashe da dariya har da buga cinya. "Kai, ka shiga tarihi! Mu ko sunanmu ba a sa a bango ba."

"Alhaji, don girman Allah," na ce, "ba don akwati nake nema ba. Yarinyar nan shekara goma tana ganin ubanta ya manta da ita."

Alhaji ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ido nake da shi, kuma ido ka riga ka ruɗe shi sau ɗaya. Tawadar allo kuwa kowane lungu akwai ta. Abu ɗaya na sani, Nasidi bai taɓa sayen tawada ba, Hajo ke dafa masa, ita kaɗai ta san abin da take zubawa. Amma naka a Legas aka buga shi, shekara biyar bayan tafiyarsa. Ina zai samo tawadar Hajo a can? In ka kai mata, kanka za ka tona."

Na fito ban san inda na nufa ba. Na bi ta bayan masallaci, na ɓulla kasuwa, na dawo ta inda na fito. Na karanta labarai da yawa inda masoyi ke haye teku ko ya shiga wuta, ban taɓa karanta wanda aka ce ya je ya ambaci sunan miji a gaban gwaggonsa ba. Kuma maganar Alhaji na cina: in tawadar ba tata ba ce, shi ke nan, na zama maƙaryaci ko da gaskiyata. Asabar ma haka na wuni, ina kaiwa ina komowa. Ranar Lahadi da hantsi, hadari ya haɗo ta gabas, na ce in ruwa zai wanke rubutun nan, gara ya tarar na riga na nuna shi.

Na sami Gwaggo a ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa a faifai. Sailuba na kwashe shanya, ta gan ni ta ɗauke kai. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau, Labaran. Yau kuma me aka ƙunso a leda kamar mai dakon gishiri?"

Na kwance, na buɗe shafin, na ajiye a gefen tabarma. Ta dubi zanen sau ɗaya, ta ci gaba da tsintarta.

"Ɗauke mini wannan daga nan."

"Gwaggo, tawadar kawai za ki duba."

"Na ce ka ɗauke. Ko ubanka bai isa ya kawo mini wannan gidan nan ba."

Sailuba ta ajiye kayan shanya ta matso. "Inna, ki duba. In ƙarya ce in sani, in huta da shi da littafinsa."

Iska ta taso tana ɗaga gefen takardar, na danne da yatsa. Gwaggo ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta ture faifai, ta ɗauki littafin. Ba ta yi boko ba, amma ajami tun tana yarinya take karanta shi. Na ga leɓenta na motsi. Ta kai shafin hancinta, ta girgiza kai, warin tsohuwar takarda ne kawai. Sai ta lashi ɗan ƙaramin yatsanta, ta ɗora a kan ɗigo ɗaya, ta kai harshe.

Na ji kamar ni aka lasa. Da Alhaji Jumare na nan da ya suma.

Ta rufe ido. Ɗigon ruwa na farko ya buga kwanon rumfa.

"Kanumfari ya yi yawa," in ji ta. "Hannuna ya zarce a wannan shekarar."

"Wace shekara, Inna?"

"Shekarar da kika shiga aji biyu na sakandare."

Sailuba ta yi lissafi da ido. "Inna, ai lokacin Baba yana Legas."

Gwaggo ta jawo faifai kamar za ta ci gaba da tsinta, ba ta taɓa ko ƙwaya ba. "Mutumin nan bai iya rubutu da tawadar kowa ba, ya ce tana kama masa alƙalami. Duk bayan Babbar Sallah nake dafa kwalba ɗaya, da ƙaro da kanumfari saboda kyankyaso, in bai wa wani ɗan unguwar nan mai aikin jirgin ƙasa ya kai masa. Ban taɓa haɗa masa da ko kalma ba. Shi ma bai taɓa aiko da ko kalma ba. Kwalbar kawai yake maidowa, a wanke." Ta share hanci da bakin zane. "Taurin kai dai, wajensa kika gado."

"Wajensa kaɗai?" in ji Sailuba.

Ta karɓi littafin ta zauna a ƙasa, ta ƙura wa Mero ido, yarinyar nan mai wushirya da ke gudu a kan ganuwa ba takalmi. Ta taɓa nata haƙoran. Sannan ta dubi rubutun, dariya ta kufce mata cikin hawaye.

"Inna, kin cinye ɗigon harafin zaira, ta koma ra. Yanzu ba 'zana' ya ce ba, 'rana' ya ce."

Na leƙa, haka ne kuwa. "Shi ke nan," na ce, "Alhaji ba zai karɓa ba. Doka ta shida zai ƙara."

"Wa ya ce maka wajen Alhaji za shi?" Ta rungume littafin, ta ja shi daga feshin ruwa. "Kai, mai jabu. Sauran goman suna wajenka?"

"Suna nan."

"Ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Gobe bayan la'asar ka kawo mini su zaure."

Gwaggo ta ce in zauna ruwa ya ɗauke. Na zauna, na miƙe, na sake zama. Can dai na ɗauki takalmina a hannu na faɗa cikin ruwan, don in je in jera su tun daga na ɗaya.